Ko Abin Kunya Ne Amfani da Tsohon Abu?

A Turai da Amurka akwai masu yanke gangar jikin matacciyar mota, su mai da ita ɗan ɗaki bisa ƙafafu biyu, su ɗaura bayan wata motar, in dare ya yi musu a hanya su kwana ciki. Mu ma nan Zariya irin wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Wanda ya tsaya Ƙofar Doka da safe ya ga amalanke na shiga birni da kaya, ƙafafunsa na tsohuwar mota. Maƙeri ya ƙera adda da sifirin, wani ya yanka taya ya yi takalmi.

Waɗansu na ganin wannan ƙaranta ce, wai aikin matsiyata. Sun yi kuskure, gama da tsohuwar zuma ake magani. Ƙarfen nan mutane suka haƙo, suka narke, suka sha wahala kansa. Wanda ya bar shi tsatsa ta cinye alhali yana da sauran amfani, ya yi almubazzaranci.

Amma tattali yana da iyaka. In mai walda ya ga ƙarfen ƙafafu ya tsage, ya shafe da fenti ya sayar, ran da ya karye ƙarƙashin buhu 10 na masara, ƙafar ɗan dako zai faɗa wa. Wannan algus ne, alhakinsa kuwa yana wuyansa.

Saboda haka, ɗan'uwa, mori tsohon abu ba tare da kunya ba. In za ka sayar kuwa, faɗi aibinsa tun kafin a yi ciniki.