Ko Wahala Magani Ce?

A ƙasarmu ta Ƙafin Maiyaki da kewayenta, idan saurayi ya lalace, ya shiga shaye-shaye, akwai maganar da takan fito daga bakin dattawa tun kafin a ambaci likita: "Daɗi ne ya yi masa yawa, a kai shi inda zai sha wuya." Mai wannan magana ba mugu ba ne. Sau da yawa uba ne ko kawu wanda abin ya ci masa tuwo a ƙwarya. To amma a ƙarƙashin maganar tasa akwai da'awa babba, wato cewa wahala tana warkarwa, kuma wani yana da ikon ɗora wa wani ita don amfanin kansa. Wannan da'awa nake so mu ɗan juya, ni da 'yan'uwana ɗalibai, malamanmu kuma su yi mana gyara.

Ba hira ce ta shan iska ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka sha ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda. A 2018 sai da gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Muna da asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, muna da makarantar gyaran hali a nan Kiru, amma kowa ya san ba za su ɗauke wannan taro ba. Iyaye kuwa ba za su naɗe hannu ba. Inda duk aka ce akwai magani, can za su nufa.

Cikin magungunan da ake tallatawa a ƙasashen Turai da Amurka akwai wanda za mu iya kira jinyar daji. Asalinsa ba jinya ba ne. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani malami Bajamushe mai suna Kurt Hahn, tare da mai jiragen ruwa Lawrence Holt, suka buɗe makarantar Outward Bound a Aberdovey ta Birtaniya, don horar da samarin matuƙa jirgi juriya da dogaro da kai. Shekara 10 bayan haka, a 1951, Alec Dickson ya kafa irinta a Man O' War Bay ta Kamaru, lokacin ana mulkin yankin tare da Nijeriya. Jikanyarta ce cibiyar da ke duwatsun Shere kusa da Jos, kuma 'yan Man O' War da ke sa masu yi wa ƙasa hidima hawan igiya da tsallake katanga daga wannan tsatso suka fito. Daga baya ne wasu a Amurka suka ce, tun da wannan horo yana gyara lafiyayye, me zai hana a gwada shi ga yaron da ƙwaya ko baƙin ciki ya kayar?

Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Yaron da ya saba jin faɗa ya daina jin faɗa. Amma daji ba ya faɗa. In bai ɗebo ruwa da rana ba zai kwana da ƙishirwa, in bai ɗaure kayansa da kyau ba za su zube a hanya, in bai kama wa abokinsa ba, gobe shi ma ba mai kama masa. Sakamakon aikinsa yana zuwa masa kai tsaye, ba daga bakin wanda yake jin haushi ba. Ga shi an raba shi da majalisar da yake shan ƙwaya, jiki ya gaji, barci ya dawo. Idan ya hau dutsen da ya rantse ba zai iya ba, ya sami shaida a kan kansa wadda wa'azi ba ya bayarwa. Da dare kuma a zauna bakin wuta da ƙwararre kan halayyar ɗan Adam, a warware abin da ya faru da rana. Masu abin da kansu suna cewa wannan zama shi ne maganin, tafiyar kuwa mabuɗi ce kawai.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Wanda ya taso a Doguwa ko Tudun Wada ya ga yadda yaro ke bin mafarauta, ya fara da riƙon kare da ɗaukar gora, kafin a yarda ya riƙe makami. Ya ga ɗan Fulani ɗan shekara 12 da garke a hannunsa, da natsuwar da ba a samu wurin sa'ansa na birni. Wurin yin abin ma Allah ya hore mana: ga dajin Falgore, ga duwatsun Riruwai, ga ruwan Tiga da aka datse zamanin Audu Baƙo. Ba na shakka wata rana wani zai kafa allo a bakin hanya ya rubuta cewa yana gyaran kangararru a daji. Ranar nan nake wa tsoro.

Dalili kuwa shi ne abin da ya faru inda aka riga mu. A 2007 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka ya kai rahoto gaban majalisar dokokinsu, ya ce ya sami dubban ƙorafe-ƙorafen cin zarafi a irin waɗannan wurare tun daga 1990, ya kuma bi diddigin mutuwar yara 10. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne ma'aikata marasa horo, da ƙarancin abinci da ruwa, da kuma yaro ya ce ba shi da lafiya a ce ƙarya yake yi don ya guje wa tafiya. Ko a 2024 wani yaro ɗan shekara 12 ya mutu a darensa na farko a wani sansani a jihar Karolina ta Arewa, har aka janye wa wurin lasisi. Kada mu yi saurin cewa wannan na Turawa ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, a watan Oktoba kuma aka sake ganin irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai su, da kuɗinsu, don a gyara su. Gidan mari da sansanin dajin da ba mai sa masa ido uwarsu ɗaya: an kai mutum inda ba a ganinsa, an kuma riga an yanke cewa maganarsa ba abar gaskatawa ba ce. Garin neman gira an rasa ido.

To ina iyaka tsakanin horo da azaba? A ganina ba a yawan wahalar take ba. Mai ɗori yana sa mutum ihu, ba mai kiransa azzalumi, domin zafin hanya ce kawai, da zai iya ɗora ƙashin ba zafi da ya yi. Mai mari kuwa zafin shi ne hajarsa. Saboda haka tambayar farko ga mai kai yara daji ita ce, shin yunwar nan da gajiyar nan dajin ne ya kawo su, ko kai ne ka ƙirƙire su don ka karya yaron? Hana ruwa don ladabtarwa ba darasin daji ba ne, bulala ce da aka sake wa suna. Sa'an nan a duba ko jagoran yana shan abin da yaran ke sha. Tsohon mafarauci yana kwana inda yaronsa ya kwana, rana ɗaya ke dukansu. Wanda ke cikin mota yana bin masu tafiya a ƙasa ba shi da ma'aunin da zai san lokacin da abin ya wuce kima.

Sai batun yarda, wanda ya fi wuya. Za a ce mini, wanda ƙwaya ta cinye wa hankali ina ya ga yardar da zai bayar? Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne akwai lokacin da dole a kwantar da mutum ba da sonsa ba, in zai cuci kansa ko wani. Amma wannan hujjar asibiti ce, inda likita ke kusa. Ba ta zama hujjar hawan dutse ba, domin duk amfanin hawan yana ga cewa shi ne ya zaɓi ɗaga ƙafarsa. Wanda aka tura da sanda ya kai ƙololuwa bai koyi cewa zai iya ba, ya koyi cewa an fi shi ƙarfi, darasin da tuni ya haddace. Tilas a nan tana zubar da maganin da aka je nema.

Wa zai tsare waɗannan iyakoki? Kyakkyawar niyya ba ta isa ba, don masu mari da yawa sun yi imani taimako suke yi. Kakanninmu sun gane haka, shi ya sa ba su bar sana'a mai haɗari ba shugaba. Wanzamai suna da Sarkin Aska, mafarauta suna da Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, kuma ba a wayi gari mutum ya ɗauki aska ya ce shi wanzami ne, sai an san wurin wa ya koya. Malaman fiƙihu ma sun hukunta cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin magani ba, to lamunin ɓarnar da ya yi yana wuyansa. Su ma Amurkawa ƙungiya suka koma. A 1996 wasu daga cikin masu wannan aiki suka kafa majalisa don tsara ƙa'idoji da tattara bayanan haɗurra, a 1997 kuma aka yi taron duniya na farko kan jinyar daji a birnin Perth na Ostireliya. Ƙa'idojin irin su yawan yaran da ma'aikaci ɗaya zai riƙe ne, da gwajin likita kafin tafiya, da nauyin kayan da yaro zai ɗauka, da yadda za a fitar da maras lafiya.

Sai dai wanzami ba ya son jarfa. Ƙungiyar da masu sana'a suka kafa, suke ciyar da ita da kuɗinsu, takan ji nauyin hukunta nata, wanda bai ga dama ba kuma ba ya shiga. Yawancin binciken da ke yabon jinyar daji ma a kan yaran waɗannan sansanoni aka yi shi, ba tare da an gwada su da wasu yaran da aka yi wa magani a gida ba. Namu ma kada mu yi musu kwalliya: kowa a Kano ya san yadda farauta ta cuɗanya da daba, ana fita da ƙwaya a aljihu, ana dawowa da sara. Don haka ina ganin 'yan sana'a su rubuta ƙa'ida, tun da su suka san daji, amma mai duba su ya zo daga waje, ya zo ba sanarwa, ya kuma keɓe da yaran ya ji ta bakinsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tsara haƙƙin majiyyaci da sharuɗɗan tsare shi, kuma bai kamata a ce ikonta ya tsaya a ƙofar asibiti ba.

Shi kansa Falgore yana da tasa tambayar. Ɓarayin shanu da masu satar mutane sun taɓa mai da shi maɓoya, har a 2017 sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye. Wanda zai kai 'ya'yan mutane can sai ya faɗi wa ya ba shi izini, wa ya san inda za su kwana kowane dare, da kuma awa nawa za a yi kafin a kai yaron da maciji ya sara asibitin Tudun Wada.

Mu 'yan sashen Hausa muna da namu rabon aikin. Tsofaffin mafarautan Doguwa sun san shekarun da ake fara fita da yaro, da alamun da ke nuna rana ta bugi mutum, da abin da ake yi wa babban da ya yar da ƙarami a dawa. Mun cika kundaye da kirarinsu, waɗannan dokoki nasu kuwa har yanzu yawanci a ka suke.