Tsatsa da Tawakkali

Shin shuka irin waken suya mai jure tsatsa ƙarancin tawakkali ne? Kawuna a Gazara haka yake gani, wai cuta daga Allah take. Ina girmama shi, amma ban yarda ba.

Iska ke ɗauko tsatsar nan, ganye ya zube kafin ƙwaya ta cika. Masu binciken cibiyar noma ta IITA a Ibadan ba su ƙirƙiri juriya ba. A jikin wani waken suka tarar da ita, suka yi ta barbara har aka fitar da irin TGx 1835-10E a 2008. Wanda ya saukar da cutar Shi ya ajiye juriyar. Kuma tsatsa kan sauya ta karya juriyar, dole a koma nema.