Shagon da ba a rufewa



Akwai wata sana'a da ta shigo gidajenmu ba ta yi sallama ba. Cikin 'ya'yan masu sallah a wannan masallaci akwai samari, har da 'yan mata, da aikinsu yanzu shi ne rubuta manhaja. Wasu sun gama ATBU, wasu Poli ta Gwallameji, wasu kuma ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 suka fara koyo. Alhaji, manhajar nan da kake tura kuɗi da ita a waya, mutum ne ya zauna ya rubuta ta layi-layi, kuma in ta tsaya da tsakar dare shi za a tasa. Tambayarmu ta yau ita ce: wanda yake cin halal ɗinsa a inuwa, ba rana ba ƙura, me zai hana shi farin ciki? Don muna gani, wasunsu ba sa cikinsa.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin dattijo ita ce rashin godiya. Kuma ba za mu ga laifinsa ba. Yawancinmu zuwa muka yi Bauchi. Wasu rikicin Jos na 2001 da na 2008 ne ya taso su, wasu daga Borno da Yobe, wasu fatauci ya kawo su daga Kano da Katsina. Mutumin da ya baro shagonsa yana cin wuta, ya zo ya sake farawa da tebur ɗaya a kasuwar Wunti, in ka ce masa yaro mai fanka a ka da dala a asusu yana cikin damuwa, kallonka kawai zai yi.

To amma mu duba abin da kasuwa take ba ɗan kasuwa kyauta, wanda ba ya taɓa sa shi a lissafi. Kafin ya buɗe ƙofa ya gaisa da mutum ashirin. In bai fito ba, kafin azahar maƙwabcin shago ya kira ya ji ko lafiya. In an yi masa asara, layin duka sun sani, ana yi masa jaje, wani ma ya ba shi kaya bashi ya juya. In ladan ya kira, tare ake tashi. Uwa uba, magariba na yi sai ya ƙirga ciniki ya sa kwaɗo. Riba ko faɗuwa, ranar ta ƙare, ya san inda ya kwana.

Yaron nan ba shi da kwaɗon da zai sa. Shagonsa a cinyarsa yake, a ɗakin da yake kwana. In kamfanin da yake wa aiki a Kalifoniya yake, tsakaninmu da su awa 8 ne ko 9, gwargwadon lokacin shekara. Ƙarfe tara na safensu shi ne biyar ko shida na yammacinmu, tashinsu daga aiki kuwa ɗaya ko biyu na darenmu. Ya kwanta ke nan za a kira asuba. Ya yi sallah ya koma, sai ya farka gida ya watse, kowa ya kama gabansa, ga ɗumame ya huce. Mako guda zai yi bai yi doguwar magana da kowa baki da baki ba, sai da fuskokin da ke cikin kwamfuta. Kuma aikin irin wanda yake bin mutum ne. Kuskure ɗaya a cikin dubban layuka zai hana komai tafiya, ya kwana uku yana nema, yana cin abinci yana nema, ya ta da kabbara ma zuciya tana can. Ɗan kasuwa ma yana tuna bashi a cikin sallah, mun sani, kada wani ya yi musu. Amma shi ya san sunan wanda yake bi.

Ga kuma tsoro. A Nuwamba 2022 kamfanin da ke da Facebook ya sallami ma'aikata 11,000, a Janairu 2023 Google ya sallami 12,000. Tun kafin nan, a 2019, Andela da aka kafa a Legas don horar da irin waɗannan yara ya sallami wajen 400 daga cikin ƙananansu. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira tana rubuta wani sashe na abin da suka sha wuya suka koya. Mai aiki daga nan Wunti, ba ofis, ba ƙungiya, saƙo ɗaya ya isa a ce masa daga gobe ba ka tare da mu.

Sannan mu zo kan namu kason. Wani cikinmu in ya ga yaro ba ya fita amma ya sayi inbata da sola, sai ya fara raɗa: ko dai Yahoo ne? Wannan zato ne, kuma mun san hukuncin zato. An je nema wa wani aure, dangin yarinya suka ce a nuna musu ofishinsa. Waɗanda suka yarda da halascin aikin kuwa, tun da naira ta faɗi a 2023 kowa ya iya lissafin canji. Kuɗin makaranta shi, asibiti shi, jarin ƙanin uba shi. Taimakon dangi alheri ne, ba mai ja. Amma a cikin masu kiransa goma, nawa ne suka kira ba da buƙata ba?

Malamanmu suna koya mana wadar zuci, kuma gaskiya ce babu arzikin da ya kai ta. Sai dai wadar zuci maganin kwaɗayi ce. Ba ta zama madadin barci, ba ta zama madadin mutane. Ku tuna labarin Salmanu da Abu Darda'i, Allah Ya ƙara musu yarda. Salmanu ya kai ziyara ya tarar ɗan uwansa yana azumi da rana, yana tsayuwa da dare, iyalinsa a yashe. Ya ƙi cin abinci sai sun ci tare, da dare kuma ya sa shi ya kwanta sai ƙarshen dare suka tashi. Da maganar ta je wa Manzon Allah (SAW), Salmanu ya gaskata. In ibada ma an sa mata iyaka saboda haƙƙin jiki da na iyali, ina ga aikin kamfani? Kuma ku lura, Abu Darda'i bai farga da kansa ba. Sai da wani ya taka ya je gidansa.

Nan ne muke ganin amsar take. Mun saba ɗaukar farin ciki kamar abu ne da mutum yake ƙullawa shi kaɗai a cikin ƙirjinsa, in ya rasa to imaninsa ne ya yi rauni. Alhali rabinsa a hannun mutane yake, da yadda yini ya tsaru. Mu da muka yi ƙaura mun fi kowa sani. Shekarar farko a garin nan wasunmu suna da abinci da wurin kwana, amma ba su dawo daidai ba sai da suka sami majalisa da sahun da in ba su zo ba za a tambaya.

Wani lokaci kuma abin ya wuce na majalisa. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malami Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake sauka haka kawai, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa akwai irin gajiyar da matsin aiki mai tsawo yake jawowa, har mutum ya ji aikin ya fita ransa, ƙoƙarinsa ya ragu. Don haka in yaro ya daina cin abinci, ya daina wanka, ko ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani, a yi addu'a, a kuma kai shi asibitin koyarwa ya ga likita. Ba hauka ba ne, ba kuma tonon asirin gida ba ne.

Ba mu ce su bar aikin ba. Sana'a ce mai kyau, ta riƙe gidaje da dama a unguwar nan. Su ma akwai nasu: su yanka lokacin da za su rufe kwamfutar ko da aiki bai ƙare ba, don ba ya ƙarewa, kuma su koyi cewa babu a inda babu.

Liman ya lura cewa la'asar ita ce hantsin waɗannan yara, sun tashi, aiki bai kama ba. Saboda haka daga gobe Asabar za a riƙa barin zauren masallaci a buɗe bayan la'asar, da tabarmi da shayi. Iyaye maza, ku zo da su. Hajiyoyinmu kuma sun ce za su tsara na 'yan matan a ɓangaren Islamiyya. Sharaɗi ɗaya kwamiti ya sa: ba a kawo wa kowa waya ya gyara a wurin.