Kada Ka Motsa

A shekarar 1839 wani Bafaranshe, Louis Daguerre, ya fito da hanyar ɗaukar hoto a kan farantin tagulla mai rufin azurfa. Hoton yakan fito tar, amma ƙwaya ɗaya ne tak. In ka ba wani, ka rabu da shi ke nan. A 1841 sai Henry Fox Talbot na Ingila ya yi rajistar tasa dabarar: a shafe takarda da ruwan sinadarin azurfa, a sa ta cikin akwatin hoto, ta fito fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Daga wannan uwar takarda sai a yi ta wanke 'ya'ya, ko nawa ake so. Daga ranar fuskar mutum ta samu ƙafar zuwa inda mai ita bai aike ta ba.

Takarda ba ta da nauyi, don haka matafiya suka rungume ta. Cikinsu akwai Maxime Du Camp, wanda ya sauka Masar a 1849 tare da abokinsa marubuci Gustave Flaubert, suka bi kogin Nilu har ƙasar Nuba. A 1852 ya fitar da littafi mai hotuna 125. Sai dai gumakan Fir'aunoni ba a gane girmansu a takarda sai an tsayar da mutum kusa da su. Ya zaɓi ɗaya daga matuƙan jirginsu, Hajji Isma'il, yana sa shi hawa kan gine-ginen, sau da yawa daga shi sai ɗan bante. Takardar kuwa sai ta ɗauki lokaci kafin ta sha haske, kuma ko ɗan motsi yana ɓata hoton. Du Camp da kansa ya ba da labarin yadda ya magance wannan: ya gaya wa bawan Allah cewa bututun da ke leƙowa daga akwatin igwa ce, in ya motsa za ta tashi da shi.

Alhaji guda, mai suna, mai sana'a, ya zama sandar awo.

Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da ya ratsa ta Zurmi a 1853 alƙalami da takardar zane ya riƙe. Akwatin hoto sai daga baya ya iso Zamfara. Yau kuwa yana cikin aljihun kowa, kuma aikin Hajji Isma'il bai rasa magada ba. Idan matafiyi ya tsayar da yaro a gindin Dutsen Kwatarkwashi don a ga tsayin dutsen, wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi damuna shi ne na wurin rabon tallafi. Matar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyen Tsafe ko na Bungudu, ta fake a kangon wani a Gusau, a kira ta layi, a dafa buhun shinkafa ta gefe ɗaya, ita ta riƙe ɗaya gefen, a ce, “Baba, ɗago kanki.” Me ake aunawa da ita? Girman kyautar mai bayarwa. Ba wanda ya ce mata akwai igwa. Ba a ma bukatar faɗa. Ta san wanda ya kau da fuska yana iya komawa hannu rabbana, ga yara suna jira.

Za a ce ai an tambaye ta, ta yarda. Amma yardar mai jin yunwa a gaban buhu, yarda ce ko tsayuwar Hajji Isma'il? Kuma me ta yarda da shi? Ta ga waya ɗaya a gabanta. Ba ta ga dubban wayoyin da hoton zai shiga ta WhatsApp da Facebook ba, har da ta surukinta, har da ta ɗanta idan ya girma. Macen da a garinsu ita ke auna wa maƙwabta hatsi da kaka.

Masu ɗauka suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Gani ya kori ji. Da yawa daga abin da ya sami ƙauyukanmu da an musanta shi in ba don hoto ba, kuma wanda ya aiko da kuɗi daga Abuja ko Landan yana da haƙƙin sanin inda suka shiga. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa sai da fuskarta shaidar ke cika. Rufin da aka ƙone shaida ne, rumbun da aka fasa shaida ne, layin mutane daga baya ma haka. Mu da aka karantar da mu falalar sadakar da hagu ba ta san abin da dama ta bayar ba, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani a nan ba.

In kuma lallai ana son fuskar, hanyar gane gaskiya ba ta da wuya. A ba ta buhun tukuna, ta ɗora a ka, ta kai bakin ƙofa, sannan a bi ta a ce, “Baba, kin yarda mu ɗauke ki hoto mu sa a intanet?” Ina kyautata zaton masu rabon sun san amsar da za su ji daga mata da yawa, shi ya sa kullum hoton ke riga buhun.