Ka Je Ka Ƙirga Takalma

Ɗana, na ji za ka sa ƙaramar 'yarka rabin aji a firamaren gwamnati ta unguwarku. Madalla, Allah Ya raya ta. Sai dai kada ka damƙa wa yayanta takardar haihuwa ka ce ya kai ta, kai ka wuce kasuwa. Ka je da ƙafarka, kuma tun makon da aka koma hutu, kafin rajista ta cika.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, manufar ilimi ta ƙasa kuwa ta ce yara 25 ga malami ɗaya. A takarda ke nan. Ranar da na raka jikata rabin aji, na tsaya bakin ƙofa ina ƙirga silifas, na haura 60 ban gama ba. Malama ɗaya ce a ciki, muryarta ta dishe. Wannan yana kuka, wancan ya jiƙe wando, wata ta yi barci a kan tabarma da alli a hannu. Yaro ɗan shekara huɗu ba karatu yake fara nema ba, wanda zai san sunansa yake nema. Ta yaya mace ɗaya za ta riƙe sunaye 60?

Kada ka huce a kanta, ba ita ta ɗebo su ba. Ka gaishe ta da mutunci, ka tambayi hedimasta aji nawa ne, malamai nawa. Ka shiga kwamitin kula da makarantar, wato SBMC, ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ku nemi ƙarin malama. In ta kama, ku yi karo-karo ku ɗauki mai taimaka mata.

Sannan abin da na fi so ka ji. Za ka tarar da 'yarka zaune tsakanin ɗan Bayarabe bakanike da 'yar Bafulatana mai nono, ga kuma wani da rikicin Borno ya koro, Barbarci kawai yake ji. Kul na ji ka ce a sake mata wurin zama. Jikata a can ta koyo gaisuwar Fulatanci, yanzu kullum da ita take tashina da asuba.