Kwamfuta a Ƙauye: Nauyin Yana Wuyan Wa?

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya karkasa ilimi a farkon littafinsa Ihya'u Ulumiddin, kuma abin da ya zuba a cikin fardu kifaya ya wuce fiƙihu da tafsiri. Ya ambaci likitanci da lissafi, ya haɗa da noma da saƙa da ɗinki, har da ƙaho. Hujjarsa ita ce duk sanin da rayuwar jama'a ba ta miƙewa sai da shi, idan gari ya rasa mai shi, laifin ya hau kan mutanen garin gaba ɗaya. Idan wasu suka tsaya masa, nauyin ya sauka daga kan sauran. Har kuka ya yi da garuruwan da babu likita Musulmi ko ɗaya a cikinsu, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani. Da wannan ma'auni nake ganin koya wa yaran karkara kwamfuta ya bar sahun ƙawa, ya shiga sahun wajibin da ke wuyan al'umma, kuma har yanzu ba mu sauke shi ba.

Sharaɗin Gazali shi ne buƙata, to a duba ko ta tabbata. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda, kowa sai ya zauna gaban kwamfuta. Yarinyar da ta shekara shida a sakandaren ƙauye, ta haddace darussanta tsaf, takan isa cibiyar jarrabawa ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Tana lalubar inda za ta danna, agogo na cin lokacinta a kusurwar allo, na kusa da ita ɗan birni ya yi nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka muke sa 'ya'yan talakawa su yi kowace shekara. A bar maganar makaranta ma. An kawo lambar BVN a 2014, an tilasta haɗa layin waya da lambar NIN daga ƙarshen 2020, sannan ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya jefa manomi da mahauci da mai ƙosai cikin tura kuɗi ta waya ko suna so ko ba sa so. A kasuwar ƙauye yau za ka ga dattijo ya miƙa wa mai POS katinsa, ya faɗa masa lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban mutane, domin babu wanda ya taɓa gaya masa illar hakan. Tsare dukiya na cikin manyan manufofi biyar na Shari'a, kuma malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Wani zai ce ai an riga an sauke nauyin, tunda Kano da Kaduna da Abuja cike suke da masana kwamfuta. Wannan kuskuren fahimtar kifaya ne. Kalmar tana nufin wadatarwa, kuma ana auna wadatar a inda buƙatar take. Wankan gawa fardu kifaya ne, amma idan mutum ya rasu a wani ƙauyen Jigawa aka rasa wanda ya iya, yawan malaman Kano ba ya wanke mutanen ƙauyen daga laifi. Haka nan matar da ɗan damfara ya kira da sassafe, ya ce daga banki yake, ta karanto masa lambobin da aka turo mata: injiniyan da ke Abuja bai amfane ta da komai ba. Wanda zai cece ta shi ne ɗanta ko jikanta da ke tsakar gida, in an koya masa.

Suka mafi nauyi tana fitowa daga iyaye da malamai masu tsoron fitina, kuma ba na raina ta. Suna ganin abin da waya ke shigo da shi: batsa, caca, ƙarya mai tada husuma, da 'yan wasan barkwanci masu zubar da mutunci. Suna kafa hujja da toshe hanyar ɓarna, ƙa'idar da mazhabar Malikiyya ta riƙe da ƙarfi. Sai dai toshe hanya yana da ma'ana ne idan hanyar tana tosuwa. Wayar ta riga ta shiga ƙauye. Tana wurin mai caji, tana hannun ɗan acaɓa, yara na kewaye da ita da daddare suna kallo. Abin da bai shiga ba shi ne malamin da zai zaunar da yaro ya nuna masa yadda ake gane labarin ƙarya, yadda ake tsare sirri, da yadda ake rubuta takarda ko lissafin amfanin gona. Hana darasi a yau yana toshe ƙofar amfani ne kaɗai, ta ɓarna kuwa tana nan a wangale.

Akwai kuma masu cewa yaron da bai iya karatu ba, a ajin da babu rufi balle lantarki, me zai yi da kwamfuta? A nan suna da gaskiya mai yawa. Ƙasar Peru ta raba wa yaran makarantun karkara ƙananan kwamfutoci masu ɗimbin yawa, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ci gaba a lissafinsu ko karatunsu ba. Darasin da ke ciki shi ne na'ura ba ta maye gurbin malami, kuma jibge kwali-kwalin kwamfuta a ofishin hedimasta don ɗaukar hoto ba sauke farilla ba ne. Abin da Gazali ya wajabta shi ne samuwar masani. Saboda haka karatu da rubutu su ne gaba, kuɗin farko kuma a kashe shi kan horar da malami. Bayan haka kwamfuta biyar da farantin sola ɗaya a hannun wanda ya iya sun fi hamsin da aka kulle a sito.

Hanyar isar da irin wannan sani ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su dawo birni da zama ba. Ta horar da mata malamai da ake kira jaji, suka riƙa zuwa suna karɓar karatu suna komawa garuruwansu suna koyar da ɗalibansu mata, wato 'Yan Taru. Tsarin nan zai yi aiki yau: a zaɓi matasa maza da mata daga ƙauyen kansa, a koya musu sosai, a ba su albashin da zai riƙe su a gida. Nauyin ya fi hawa kan masu iko da masu hali, wato ƙananan hukumomi, attajiran da suka fito daga waɗannan ƙauyuka, da ƙungiyoyin addini da ke da makarantun Islamiyya a kusan kowane lungu. Ɗakunan Islamiyya da yawa a rufe suke da safe, kuma iyaye sun amince da su fiye da kowane gini a garin, musamman a kan 'ya'ya mata. Attajirin da ke shirin gina masallaci na uku a unguwa ɗaya zai iya mayar da wannan kuɗi waƙafin da zai biya malamin kwamfuta na shekaru.