Ɗana, Kada Ka Auna Sukarinka da Yadda Kake Jin Jikinka

Ɗana, tunda Allah Ya jarrabe ka da irin ciwon sukarin da ba a zama da shi sai da allurar insulin, bari in gaya maka ranar da na fi ji maka tsoro. Ita ce ranar da za ka tashi garau, ka ce yau kam lafiya lau nake, ka ajiye allura, ka ƙi gwaji. Sukari idan ya yi yawa a jini ɓarnar gara yake yi: azara tana tsaye, cikinta ya ruɓe. Sai bayan shekaru ido ya dushe, ƙoda ta gaza, ƙafa ta mutu.

Jikinka ya daina samar da insulin, kuma babu jiƙon shuwaka ko zogale da zai maye gurbinsa. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka tato shi a birnin Toronto na Kanada, mai irin lalurarka ba ya daɗewa a duniya. Allurar nan ni'ima ce, kada wani mai tallar magani ya raba ka da ita.

Likitoci sun daɗe suna gardama ko matsa wa sukari lamba yana hana wannan ɓarna, har aka yi binciken da ake kira DCCT a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993, a kan mutum 1,441. Rabinsu suna allura sau ɗaya ko biyu a rana. Sauran suna yi sau uku ko fiye, suna gwada jini sau huɗu, suna daidaita adadin da abin da za su ci. A gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, na farko sun tsaya wajen kashi 9, na biyu wajen kashi 7. Wannan ɗan bambanci ya rage haɗarin kamuwa da lalurar ido da kashi 76 cikin 100, na lalacewar jijiyoyi da kashi 60. Da aka ci gaba da bibiyarsu, cututtukan zuciya da magudanan jini ma sun ragu da kashi 42. Shi ya sa ake so yawancin manya su riƙe HbA1c ƙasa da 7, sukari kuma tsakanin 80 da 130 kafin cin abinci. Naka adadin, likitanka ne zai yanke maka.

Amma masu matsawar nan sun ninka sauran har sau uku wajen faɗuwar sukari mai tsanani. Don haka idan ka ji karkarwa da zufa da yunwa da bugun zuciya, ko na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, jiƙa cokalin cin abinci ɗaya na sukari ka sha, ka sake gwadawa bayan minti 15. Kada ka fita babu alewa a aljihu. Ka koya wa iyalinka alamomin, ka gargaɗe su kada su ɗura wa wanda ya suma komai, asibiti za su nufa da shi.

Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, ko da ka kasa cin abinci, kada ka tsayar da insulin da kanka, domin rashin lafiya kan ɗaga sukari. Amai da ciwon ciki da ƙishirwa da numfashi mai zurfi alamar haɗari ce, ba a kwana da ita a gida.

Ka ajiye insulin a firji ba wajen ƙanƙara ba. In babu wuta, ka naɗe shi ka sa a sanyin randa. Ka duba sirinjinka ya dace da kwalbar, domin insulin mai lambar U-40 daban, mai U-100 daban. Ka riƙa sauya wurin allura. In ka zo alwala ka dubi tsakanin yatsun ƙafarka, ido kuma a duba maka shi duk shekara. Batun azumi, ka je wurin likita tun Ramadan bai kama ba. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Rubuta sakamakon gwajinka kullum, mai kyau da marar kyau, ka kai wa likita ba tare da ɓoye komai ba. Allah Ya ba ka lafiya da juriya.